Yadda ake haɗa rukunin kafasita don koyil ɗin Tesla mai tartsatsi

A koyil ɗin Tesla (na'urar da ke ɗaga ƙarfin wutar lantarki har ta riƙa fitar da dogon tartsatsi) mai ratar tartsatsi, wato ɗan sarari tsakanin ƙarafa biyu da wuta ke tsallakewa, kafasita, ma'ajiyar wuta ta ɗan lokaci, ita ce ke shan wahala fiye da kowane sashi. Tana cika, ta juye duk abin da ta tara cikin naɗin waya na farko, ta sake cika, sau ɗari ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Babbar kafasita guda da za ta jure wannan tana da tsada, shi ya sa masu wannan aiki suke jera ƙanana da yawa, abin da suke kira MMC.

Ka fara da lissafi tun kafin ka sayi komai. A ce taransifomarka irin ta fitilar niyon ce, mai bolt 9,000 da 30 mA (wato amfiya 0.03), a wuta mai 50 Hz. Raba 9,000 da 0.03, ka sami om 300,000. Girman kafasitar da ya dace daidai da wannan shi ne kusan 10.6 nF (nanofarad, ma'aunin girman kafasita), kuma shi ne girman da za ka guje wa: a nan kafasita da taransifoma ke ingiza juna, ƙarfin wuta ya yi ta hawa har ya ƙone ɗaya daga cikinsu. Da ratar tartsatsi ta tsaye, wadda ba ta juyawa, a ninka shi sau ɗaya da rabi ko ɗan fiye, wato 16 zuwa 17 nF. Idan wutarka 60 Hz ce, girman haɗarin ya koma 8.8 nF.

Sai irin kafasitar. Nemi ta folifurofilin mai fallen ƙarfe na gaske a ciki, kamar Cornell Dubilier 942C20P15K, mai 0.15 µF (wato 150 nF) da bolt 2,000. Ta foliyesta tana zafi har ta narke. Wadda aka yi wa siririn feshin ƙarfe kawai kuma, bakin da ƙafarta ta kama ne ke cinyewa, domin wutar da ke ratsa ta a kowane bugu tana kai ɗaruruwan amfiya. Mai ruwan sinadari a ciki (electrolytic) kam, kar ma a kawo ta kusa.

In an jera kafasita kai da wutsiya, boltinsu na taruwa, girmansu na raguwa. Guda 18 a jere suna ba da 8.3 nF da bolt 36,000. Layi biyu irin wannan, kafaɗa da kafaɗa, sun zama 16.7 nF, guda 36 ke nan. Wani zai ce ai layi ɗaya mai guda 9 ma 16.7 nF ne. Haka ne, amma bolt 18,000 kaɗai yake ɗauka, alhali wutar taransifomar mai bolt 9,000 hawa da sauka take yi, ƙololuwarta ta kai 12,700, ban da tsalle-tsallen da tartsatsi ke jawowa. Ga shi kuma duk nauyin ya hau layi ɗaya. Tsumulmular nan ba ta da riba.

Kowace kafasita a ɗaura mata rezista (abin da ke rage gudun wuta) mai 10 MΩ, wato om miliyan 10, tsakanin ƙafafunta biyu, irin mai jure babbar wuta kamar Vishay VR37. Rezistar rediyo ta yau da kullum bolt ɗari biyu zuwa uku take ɗauka, nan kuwa kowace za ta ga 500 ko fiye, sai tartsatsi ya tsallake ta ya bar baƙin layi a jikinta. Aikinta shi ne tsotse ragowar wuta bayan an kashe, cikin daƙiƙa goma ko ƙasa.

A shimfiɗa su a kan farantin roba mai kauri, busasshe. Katako na shan danshi, kuma da zarar wuta ta zana masa layin gawayi, ta nan za ta riƙa bi. A huda ramuka, a zura ƙafafun, a murɗe su biyu-biyu a ƙasa sannan a zuba dalma ta kwanta sumul. Duk tsinin waya da aka bari, a duhu za ka ga shuɗin haske na tsiyaya daga bakinsa. A yanke, a rufe da dunƙulen dalma. A bar ɗan sarari tsakanin kafasitoci don iska, kuma farkon layi da ƙarshensa su yi nesa da juna sosai. Layukan biyu su zama tsawo ɗaya, a haɗa bakunansu da faffaɗan jan ƙarfe ko waya mai kauri, gajeriya, in ba haka ba layi ɗaya zai fi ɗan'uwansa zafi.

Kafin a ba da wuta, a auna da mita: kowane layi wajen 8.3 nF da 180 MΩ. Ratar tartsatsi a haɗa ta tsakanin bakuna biyu na taransifomar, rukunin kafasita kuma a jere da naɗin farko. A fara da rata matsattsiya, wadda taransifoma ita kaɗai ke iya tsallakewa. Buɗe ta fiye da haka don neman dogon tartsatsi shi ne abin da ya fi kashe kafasita. A kunna na daƙiƙa talatin, a kashe, a duba: ɗumi kaɗan ba komai, zafi ko kumburi na nufin a ƙara layi.

Wannan wuta tana kisa. Kafin hannu ya taɓa komai, a zare filogi daga bango, a jira, sannan a gama bakunan rukunin biyu da waya ɗaure a kan doguwar sandar roba, a bar wayar a maƙale har a gama aiki. Rezista na iya yankewa ba tare da wata alama ba, don haka ko da tana nan, sandar ce za ta fara taɓawa. Kada a yi gwaji ba tare da wani a kusa da makunni ba, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya ya nisanci ɗakin.