Yadda za ka caccaki gwamnati ko ka yi raddi a harkar addini ba tare da ka kwana a sel ba

Wani ƙanena ne ya turo min rubutun da zai ɗora a Facebook kan asibitin garinsu wai in duba masa, layi na farko kawai na karanta na kira shi na ce kai tsaya tukuna, kwamishinan da ka kira ɓarawo kana da takarda ko kuwa a majalisar mai shayi ka ji? Ya ce ai kowa ya sani. To kowa ya sani ɗin nan ita ke kai mutane gidan yarin Kurmawa, don ranar da aka tsaya gaban majistare kowan nan ba zai zo ba, kai kaɗai ne da wayarka.

Fara da sanin abin da kake da shi a hannu. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka, wannan gaskiya ne, amma mutane da yawa a nan suke rufe littafin ba sa ƙarasawa zuwa sashe na 45, wanda ya ce ana iya taƙaita 'yancin nan saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a ko kare haƙƙin wasu. Ta wannan ƙofar duk sauran dokokin suke shigowa. Sukar gwamnati kanta ba laifi ba ce, tun 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke Arthur Nwankwo da aka ɗaure saboda ya caccaki gwamnan tsohuwar jihar Anambra Jim Nwobodo, ta ce dokar Turawan mulkin mallaka ta hana sukar mahukunta ba ta da gurbi a ƙasa mai 'yanci. Shi ya sa za ka ga yanzu ba a cewa an kama ka don ka soki gwamna, sai a ce ɓata suna, ko ƙarya mai cutarwa, ko tunzura jama'a, duk suna cikin Penal Code, wato kundin dokokin laifuka namu na Arewa, ko kuma a ɗauko sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. An yi wa sashen nan gyara a 2024 bayan kotun ECOWAS ta ce ya take haƙƙi, aka rage shi zuwa batsa da kuma ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don ta da fitina ko barazana ga rai, amma fa kar ka ɗauka gyaran ya isa kowane caji ofis, har yanzu ana ɗaukar mutane da shi.

To ya za ka yi rubutun? Ka bugi aikin, ka ƙyale jikin mutumin. “An sa kuɗin gyaran asibitin nan a kasafin bara, ga shafin, ga kuma hoton ɗakin haihuwa da na ɗauka jiya, mai girma kwamishina ina kuɗin suka shiga?” Wannan ya fi “kwamishina ɓarawo ne” zafi sau goma wallahi, kuma lauyanka yana da abin riƙewa, saboda gaskiyar da aka faɗa don amfanin jama'a kariya ce a shari'ar ɓata suna. Tambaya ba ƙazafi ba ce matuƙar da gaske tambayar ce, ba wai ka zagi mutum tas sannan ka maƙala alamar tambaya a ƙarshe ba. Kuma kalmar “wai” da muke fakewa da ita ba ta wanke kowa, in ka maimaita ƙazafin wani ka zama mai shi.

Matarsa, 'ya'yansa, ƙibarsa, asalinsa, rashin lafiyarsa, duk ka bar su. Ku tuna ɗalibin nan na Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka ɗauke a Nuwamban 2022 aka kai Abuja saboda layi ɗaya a Twitter kan Aisha Buhari, sai da ƙasa ta ɗauki zafi sannan aka janye ƙarar. Ni a ganina kamun nan zalunci ne tsagwaronsa, amma layin da ya rubuta bai gyara komai a ƙasar ba, ba gada ba rijiya, wahala kawai ya ja masa. A Nuwamban 2022 ɗin dai wata kotun majistare a Kano ta sa aka yi wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowanne da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30 kan bidiyon barkwanci da suka yi da Ganduje. Wato wasa nake yi ma ba ta fid da kai.

Hujja kuma sai ka tara kafin ka buga, ba bayan an kira ka ba. Hoto da kwanan wata, bidiyon da kai ka ɗauka, takardar kasafi, sanarwar da su da kansu suka fitar, ka ajiye kwafi a wani wuri da ba wayarka ba don ita za a fara karɓewa. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka rubuta wa ma'aikata kana neman bayanin kwangila, doka ta ba su kwana 7 su amsa, ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a kwafinka, in sun yi shiru ma shirun nasu labari ne da za ka iya ɗorawa. A da wasu jihohin suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, kafin Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau kansu, kai dai rubuta.

Ba zan yi maka ƙarya in ce in ka bi wannan shi kenan ka tsira ba. Ɗan jarida Jaafar Jaafar bidiyo ya saki a 2018 kan zargin Ganduje da karɓar daloli, gwamnan ya musanta ya kai shi kotu, daga baya sai da ya bar ƙasar ya koma Ingila saboda tsoron ransa. Dadiyata, mai sukar gwamnati a soshiyal midiya, tun watan Agustan 2019 da aka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna har yau shiru. Abin da kake yi kawai shi ne in an zo kanka ya zama su ne za su ji kunya ba kai ba, kuma mutane su samu bakin tsaya maka.

Yanzu addini, nan kam a hankali, don lissafin daban ne gaba ɗaya. Gwamnati takarda take turowa, a maganar addini kuwa sau tari taron mutane ne ke rigan takarda isowa. A doka, Penal Code na hukunta wulaƙanta addinin wasu, kowane addini ne, a Kudu ma Criminal Code yana da irin sashen, sannan tun da Zamfara ta buɗe ƙofa jihohi 12 suka ɗauki shari'ar Musulunci, a dokar Kano ta 2000 ɓatanci ga Annabi (SAW) hukuncinsa kisa ne. Mubarak Bala shekara 24 aka yanke masa a 2022 kan rubutun Facebook kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Yahaya Sharif-Aminu saƙon murya ne a WhatsApp, aka yanke masa kisa a Agustan 2020, babbar kotu ta ce a sake shari'ar saboda ba shi da lauya, magana ta tafi har Kotun Ƙoli. Malam Abduljabbar da almajiransa da littattafansa bai tsira ba, Disamban 2022 aka yanke masa kisa. Ko kana ganin dokokin nan daidai ne ko kana ganin sun saɓa wa tsarin mulki, wannan muhawara ce da ake yi a kotuna, amma su ne a ƙasa yau.

Abin da za ka iya yi, kuma ana yi kullum, shi ne raddi ga malami ko fasto kan abin da ya faɗa ko ya aikata. Malami mutum ne, in ya hau mumbari ya yi wa ɗan siyasa kamfe ko ya tara kuɗin gina masallaci ba a ga gini ba, kana da damar tambaya. Ka kawo maganarsa cikakkiya ba guntun sakan 15 da aka yanko ba, ka kira shi da girmamawa, Malam ya ce kaza ni kuma ga abin da na gani a littafi kaza, in ba fanninka ba ne ka ce tambaya kake yi. Amma Allah, Annabawa, littattafai masu tsarki, sahabbai da iyalan gidan Annabi, waɗannan ba wurin gwada iya habaici ba ne, haka abin da Kirista maƙwabcinka yake girmamawa. Kuma don Allah rikicin Izala da ɗariƙa da Shi'a in ya tashi a kwament kar ka shiga da zafin kai, a nan ne mutum ke furta abin da bai yi niyya ba don kawai ya ƙure abokin musu, wani kuma yana gefe yana sikirinshot.

Ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kai ma kar ka zama mai hura wutar. Kalmar “ya yi ɓatanci” in ka jefa wa mutum a fili da sunansa da hotonsa da unguwarsu, kusan ka sa hannu a jininsa ne. Deborah Samuel saƙon murya ne a guruf ɗin ajinsu, ranar 12 ga Mayun 2022 aka kashe ta a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, Sarkin Musulmi da kansa ya yi tir da kisan. In ka ga abin da ya ɓata maka rai kar ka tura shi gaba da sunan jama'a ku gani, turawar yaɗawa ce, ka kai wa hukuma ko ka yi rifot ka wuce. In kai ne admin ka goge, ka kira mutumin ta waya.

Guruf ɗin WhatsApp ba ɗakinka ba ne, ko na 'yan gida ɗaya ne. Sunan bogi ma ba wani sulke ba ne tunda layinka na haɗe da NIN. Saƙon murya ya fi rubutu haɗari saboda ba ka tace shi, kuma muryarka ce ba ka da ta cewa. Ni abin da nake yi in raina ya ɓaci, in rubuta a not in ajiye sai na yi sallah na ci abinci in sake karantawa, rabi a nan suke mutuwa.

In kuma an gayyace ka, kar ka gudu kar kuma ka tafi kai kaɗai. Ka nemi takardar gayyata, ka faɗa wa 'yan gida wane ofis za ka, ka tafi da lauya, in ba hali akwai Legal Aid Council mai ba da lauya kyauta da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Kana da damar yin shiru har lauyanka ya zo, kar ka sa hannu a sitetimen da ba ka karanta ba ko da an ce sa hannu kawai ka tafi gida. Sashe na 35 ya ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, ko biyu in da nisa, beli kuma a doka kyauta ne duk da mun san yadda ake yi. Kar ka yi saurin goge fostin ɗin kafin lauya ya gani, su dai suna da kwafi, gara kai ma kana da cikakkensa da abin da ya zo kafinsa da bayansa.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram ku kuma naku ya ɗan bambanta, dokar intanet ɗinku ta 2019 Bazoum ya cire mata ɗauri kan zagi da ɓata suna a 2022, sojoji suka dawo da shi a 2024, don haka sassan da na lissafa a sama na Najeriya ne, ku tambayi lauyan can kafin ku ɗora.