WiFi ɗin laftof ɗinka na yawan katsewa? Kar ka yi saurin kai ta format

Kafin ka taɓa komai a laftof ɗin, fara gano mai laifin tukuna. Daidai lokacin da ya katse ka ɗauko wayarka da ke kan wannan WiFi ɗin ka duba, in ita ma ta tsaya to laftof ba ruwanta, matsalar daga rauta ce, wato na'urar da ke watsa WiFi ɗin, ko MiFi ko sabis ɗin ne ya yi ƙasa, sai ka cire rautar daga wuta kamar minti 1 ka mayar. In kuwa waya na aiki lafiya lau laftof ce kaɗai ke saki, to da ita za mu yi. Ina nanata wannan ne don wallahi abin na min ciwo in ga ɗalibi ya kai kwamfuta an goge masa komai, furojet ɗinsa da hotunansa sun tafi, ya dawo gida kuma WiFi na nan yana katsewa kamar da.

Abin da na fi zargi kullum shi ne Windows ɗin kanta, don tana kashe katin WiFi, ɗan abin da ke cikin laftof mai kama sigina, wai ta rage cin batir, mu kuma nan rabin aikinmu a kan batir muke yi saboda halin wuta. Alamarsa ba ta ɓuya: in tana caji komai daidai, da an ɗauke wuta sai ya fara saki, ko kuma ka rufe murfin ka buɗe ka tarar WiFi ya ɓace sai ka kashe ka kunna. Danna maɓallin Windows da X tare, ka shiga Device Manager, ka buɗe Network adapters, ka nemi wanda ke da Wireless ko Wi-Fi a sunansa, yawanci Intel ne ko Realtek ko Qualcomm ko MediaTek. Danna shi sau biyu, je Power Management, akwai wani ɗan akwati da aka rubuta Allow the computer to turn off this device to save power, cire alamar da ke ciki ka danna OK. Wasu sababbin laftof ba su da wannan shafin, kar hankalinka ya tashi. Daga nan ka je Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ka nemo Wireless Adapter Settings ka mai da shi Maximum Performance, na On battery ɗin shi ne ma ya fi muhimmanci. Batir zai ɗan ƙara saurin sauka, eh, amma bai kai takaicin Zoom ya yanke maka ana tsakiyar magana ba.

In bai daina ba sai direba, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin WiFi ɗin. Tuna yaushe abin ya fara, in bayan ofdet ne to koma Device Manager, danna katin WiFi ɗin sau biyu, ka shiga Driver ka danna Roll Back Driver ya koma tsohon. In ba ya dannuwa, je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, HP ko Dell ko Lenovo, ka sa lambar da ke jikin takardar ƙasanta ka sauke direban WiFi. Ka sauke shi ka ajiye KAFIN ka cire tsohon, in ba haka ba za ka zauna ba intanet ɗin da za ka sauke. Kuma don Allah ka rabu da manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka duk direbobi a danna ɗaya.

Sai maganar nisa, 2.4GHz da 5GHz hanyoyi ne da rauta ke watsa WiFi a kansu. 2.4GHz ya fi ratsa bango amma cunkoso ne kamar bakin kasuwa ranar jajibirin sallah, rautar maƙwabta na kai, Bluetooth na kai, har hard disk ɗin USB 3.0 da ka jona kusa yana iya dama shi. 5GHz ya fi sauri da tsabta amma bangon bulo biyu ya isa ya raunana shi. Kana ɗaki ɗaya da rauta hau 5, kana can ƙuryar gida koma 2.4, kuma in za ka iya shiga saitin rautar, adireshin na rubuce a ƙasanta irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ka sa canel ɗin 2.4 a kan 1 ko 6 ko 11.

Masu hotspot na waya kuma ku duba saitin da ke kashe shi da kansa, ku kuma lura ko lokacin da kira ya shigo ne yake yankewa, don layin da ba VoLTE, wato tsarin yin kira a kan 4G, yakan sauka daga 4G in ana waya, data ta tsaya ko ta yi rarrafe.

Network reset na nan a Settings ƙarƙashin Network & Internet, yana gyara saitin da ya cakuɗe, sai dai zai goge duk fasuwod ɗin WiFi da ka ajiye, ka tabbata kana da su.

Gwaji na ƙarshe mutane ba su cika saninsa ba. Eriyar WiFi a murfin sikirin take, wasu siraran wayoyi biyu, yawanci baƙi da fari, su ne suka bi ta cikin hinji suka sauko kan katin. Laftof ta hannu wadda aka taɓa canza mata sikirin ko hinjinta ya taɓa karyewa, sau da yawa ɗaya ta cire ko ta tsinke. Zauna dab da rauta ka rinƙa motsa murfin a hankali kana kallon sandunan sigina, in suna hawa suna sauka to ka kama shi, ka gaya wa mai gyara eriya zai duba, ba Windows ba. In katin ne ya mutu, ɗan ƙaramin WiFi na USB irin na TP-Link ya wadatar, ka soka shi, ka koma Device Manager ka yi Disable na cikin don kar su riƙa rigima.