Kafin ka kai karenka ko magenka a tsira mata allurar Sinawa

Wannan maganin na ƙasar Sin da ake ce ma akufanca ba ruwan allura ake ɗurawa ba fa, wasu siraran allurai ne kamar gashin wutsiyar doki ake tsirawa a wasu gurare na jiki, a barsu kamar minti 15 zuwa 30 sannan a zare. Likitocin dabbobi a Amurka da Turai sun daɗe suna yi, tun 1974 ma aka kafa ƙungiyarsu IVAS, kuma yawanci tsofaffin karnuka masu ciwon gaɓɓai ake kaiwa, sai mage, sai doki mai ciwon baya.

Toh ya abun yake rage ciwo? Allurar na taɓa jijiya, saƙo ya bi ta laka ya hau sama, sai ƙwaƙwalwa ta saki endofin, wato maganin raɗaɗin da jiki ke haɗa ma kansa. A 1976 wani masanin kimiyya Bruce Pomeranz a Toronto ta ƙasar Kanada ya gwada allurar a ɓeraye, da ya basu naloxone wanda ke toshe aikin endofin sai sauƙin nan ya ɓace. Kaga kenan raɗaɗi ake danne wa, gwiwar da ta cinye tana nan yadda take. Kuma gaskiya a gwaje-gwajen mutane sau da yawa allurar bogi ma tana kawo sauƙi kusan haka, shi yasa ni bana son masu zuzuta abun kamar waraka ce daga sama.

Don haka fara da asibiti tukunna, a duba dabbar a ɗau hoton ƙashi a san ainihin me ke damunta, kar ka je ana ta tsira allura alhali karaya ce ko ƙari. Mai yin kuma ya zama likitan dabbobi ne da ya koyi aikin, allura sabuwa a leda a ɓare a gabanka. In tana da ciki ko ƙurji a fata ka faɗa masa tun farko. Dan Allah kar ka kalli bidiyo a YouTube kace zaka gwada a gida, allura a gefen haƙarƙari in ta zarce huhu zata huda.

Ranar farko ka tafi da tsumman da ta saba kwanciya akai, ka zauna kusa kana shafa kanta, wasu karnukan zakaga suna ta hamma har bacci ya kwashe su da allurai a gadon baya, mage dai sai yadda ta ga dama. In ta wuni a kwance bayan nan ba komai bane. Magungunan da aka rubuta mata kar ka tsayar sai likita yace.

Kafin a fara ɗauki bidiyonta da waya tana tashi daga kwance ko tana hawa matakala, bayan an je sau huɗu zuwa shida ka sake ɗauka a guri ɗaya ka haɗa su ka kalla, don ido na ganin abinda zuciya ke so musamman in ka riga ka biya kuɗi. In ɗingishin na nan yadda yake, ka koma gun likita a canza hanya.