Idan kwamfuta ta ƙi ganin makirfon abin kunne

Masu tambaya daga Damagaram sun yi yawa, ga matakan:

1. Gwada shi a salula. In can ma shiru, wataƙila wayarsa ce ta tsinke.
2. Duba maɓallin kashe murya da ke jikin wayar abin kunnen.
3. Hure ramin kwamfutar, ƙurar hunturu tana toshe shi.
4. Ƙirga zoben bakin fulogin. Zobe 3 na nufin sauti da makirfo a haɗe suke.
5. In ramukan kwamfutar biyu ne, sayi waya mai raba sauti da makirfo.

Hattara: makirfo ramin ruwan hoda yake shiga, ba kore ba. Nan aka fi kuskure.

6. A Windows na Faransanci, shiga Paramètres, Système, Son.
7. Ƙarƙashin Entrée, zaɓi makirfonka.
8. Koma Confidentialité, kunna izinin Microphone.