Maganar kashin jariri ga masu jego sababbin zuwa Ingila

'Yar'uwa in kin zo ƙasar nan da ciki ko kin haihu ba da daɗewa ba, ki sani tambayar da ungozoma za ta fi yi miki in ta zo gida ita ce fampas nawa ya ɓata yau kuma wane kala ne. A gida kaka ko gwaggo ce ke duba wannan ba tare da kin ma lura ba, ke dai kina wankan jego kina shan kunun kanwa, amma nan daga ke sai maigida, shi ma ƙila yana wurin aiki, toh dole ki san abin da idonki zai nema.

Kashin farko baƙi ne mai yauƙi kamar kwalta, ya kamata ya fito cikin awa 48 da haihuwa, in bai fito ba ki faɗa musu a take. Dakashi shi ke taimakawa ya wanke cikin, dan Allah kar ki matse ki zubar. Daga nan sai ya koma kore-kore, zuwa kwana na 4 ya zama rawaya mai ruwa-ruwa da 'yan gudaji, ba gudawa ba ce, haka na mai shan nono yake. Ma'aunin da NHS, hukumar lafiyar ƙasar nan, ke bayarwa shi ne aƙalla sau 2 a rana, kowanne ya kai faɗin kwandalar fam 2, sannan daga kwana na 5 fampas 6 masu nauyin fitsari. Wani jaririn ma duk shan nono sai ya yi, lafiya lau.

Inda mutane ke rikicewa shi ne shekarun yaron, ko in ce makonninsa. Za ki tambaya a guruf ɗin WhatsApp wata ta ce miki ai nata sai ya yi sati bai yi ba kuma ba komai, gaskiya ta faɗa amma nata ya wuce sati 6. Bayan sati 6 mai shan nono zalla yana iya kwanaki har mako guda shiru, in dai yana tsotso da kyau yana fitsari yana ƙiba kuma in ya tashi yi ya fito da laushi, ba taurin ciki ba ne. Amma ɗan kwana 10 da ya wuni ya kwana bai yi ba, yawanci nonon ne bai isar masa ba, ƙila kamun bakin ne bai zauna daidai ba, wannan a ranar za ki kira ungozoma su auna shi su ga yadda yake kamawa, kar ki jira.

Mai shan madarar gwangwani nasa ya fi kauri da wari, da farko yana iya kai sau 5 a rana, in ya yi 'yan watanni ya dawo sau ɗaya. Ruwa ake fara zubawa a fida sannan gari, cokali a shafe, ƙara gari wai don ya ƙoshi shi ke busar masa da ciki. Nishi da jan fuska da kuka kafin ya yi kuwa koyo yake, in ya fito da laushi shikenan. Taurin ciki na gaske shi ne ya fito ƙanana busassu masu tauri.

Abin da nake roƙonki da Allah, in Hajiya ta bugo daga gida ta ce a ba shi dauri ko jiƙo ko a ɗan lasa masa zuma ko a sa masa sabulu a dubura, ki amsa mata da ladabi amma kar ki yi. Zuma tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri, ba a ba shi sai ya shekara, mai shan nono kuma ko ruwa ba ya buƙata kafin wata 6.

Akwai waɗanda ba a kwana da su. Kashi fari ko mai kalar toka, musamman in shawara ta wuce kwana 14 idonsa na rawaya, yana iya zama matsalar hanta kuma aikinta da wuri ake so, ki ɗauki hoton fampas ɗin ki nuna wa GP, wato likitan unguwarku da kika yi rajista da shi, a ranar. Jini a kashi, ki kira 111, layin NHS na neman shawarar lafiya. Amai kore, ciki ya kumbura ya ƙi nono, ko zafin jiki ya kai 38 alhali bai cika wata 3 ba, asibiti sashen gaggawa kai tsaye ko ki kira 999, lambar motar asibiti ta gaggawa.

Wajen kwana 10 zuwa 14 ungozoma za ta miƙa ki ga ma'aikaciyar lafiya mai ziyartar gida, ki karɓi lambarta ki rubuta a jan littafin da ake ba ki na bayanan lafiyar yaron. In Turancin bai zauna miki ba tukuna ki ce a haɗa ki da tafinta na Hausa, ba ke za ki biya ba.