Yadda ake tsara wayoyin lantarki a ƙaramin jirgin ruwa

Aikin yakan lalace ne tun ranar da aka kira mai gyaran wutar mota, ya haɗa jirgi yadda ya saba haɗa mota. Kwale-kwalen da ke kai fasinja a Yauri ko na masunta a tafkin Kainji kullum cikin danshi yake, ga girgizar inji, ga tururin fetur da ke kwanciya a ƙasan jirgi. Tsarin da ke ƙasa na jirgi ne mai batir ɗaya na 12V.

Da farko ɗauki takarda, ba waya ba. Rubuta duk abin da zai ci wuta, da amfiya nawa yake ja, da awa nawa zai yi yana aiki a rana, ka ninka su. Misali: fitilun hanya na LED, masu nuna wa sauran jirage inda kake da dare, amfiya ɗaya (1A) na awa 5, ya ba da 5Ah, wato amfiya sau awa. Famfon kwashe ruwa, 4A na awa ɗaya, 4Ah. Babbar fitilar haska gaba, 4A na awa ɗaya, 4Ah. Cajin wayoyin hannu, 2A na awa 3, 6Ah. Jimilla 19Ah ke nan. Batir mai ruwan asid ba ya son a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri, don haka ninka biyu: 38Ah. Sayi mai 60Ah, saboda daren da ruwan sama zai sa famfo ya yi ta aiki.

Ka kuma san inda caji zai fito. Yawancin injinan da ake tayarwa da igiya ba sa cajin batir sai an ƙara musu na'urar daidaita wuta. Faifan sola mai 100W da na'urar kula da caji sun wadatar da wannan lissafi.

Sai mazaunin batir. A sa shi cikin akwatin roba mai murfi da ƙofar iska, a ɗaure da bel, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke taruwa, nesa da tankin fetur. Batir na fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, kada a toshe shi ruf.

Yanzu babban layi. Daga kan batir mai alamar + jan waya za ta fita, kuma abu na farko da za ta tarar shi ne babban fiyus, a tazarar da ba ta wuce santimita 18 ba. Dalili shi ne duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai tsaro: in ta goge ta haɗu da ɗaya layin, nan take za ta yi jajir ta kama katako. Bayan fiyus sai babban makunni, daga nan zuwa akwatin fiyus, inda kowace na'ura ke da nata fiyus da makunninta. Famfo kaɗai za a ja wa layinsa daga batir, da fiyus ɗinsa, ba ta babban makunni ba, domin ya tashi da kansa ko jirgin na ɗaure a bakin gaɓa, in an sa masa makunni mai yawo a kan ruwa.

Layin − kuwa, kowace na'ura ta dawo da baƙar wayarta zuwa sandar tagulla guda, daga nan waya ɗaya mai kauri ta koma batir. A mota jikin mota ne ke mayar da wuta. A jirgin ƙarfe ko na alminiyom kada a kuskura a yi haka, wutar da ke bi ta jikin jirgi cikin ruwa cinye ƙarfen take yi a hankali har ya huje.

Kaurin waya shi ne inda aka fi yin rowa, kuma nan ake cutuwa. A 12V wuta na raguwa sosai a doguwar hanya. Ga famfo da fitilun hanya, kada raguwar ta wuce kashi 3 cikin 100, wato 0.36V. Auna tsawon zuwa da dawowa da mita, ka ninka da amfiya, ka ninka da 0.0175 (lambar turjiyar tagulla ga wuta), ka raba da 0.36, abin da ya fito shi ne kaurin wayar a mm². Famfon da ke mita 5 daga batir: mita 10 sau 4A sau 0.0175 ya ba da 0.7, a raba da 0.36, kusan 1.9mm². Sai a ɗauki ta sama, mai 2.5mm². In aka sa mai 1mm², 0.7V za ta salwanta a hanya, famfo ya yi ta gurnani ruwa na fita kaɗan-kaɗan. Girman fiyus kuma kada ya wuce abin da wayar za ta ɗauka, don wayar yake karewa.

Wayar gida mai sanda ɗaya ba ta jirgi ba ce, girgiza na karya ta a cikin robarta inda ido ba ya gani. Nemi mai silli-silli, in da hali wadda aka shafe tagullarta da kuza. Ta tagulla zalla, in ka fere ta bayan damina ɗaya, za ka tarar ta yi baƙi ko kore har cikin roba.

Kada a murɗa wayoyi a naɗe da salatif. A matse kan waya da abin matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, a ja da hannu a ji ko zai zame. A bi da wayoyi ta sama, cikin bututun roba, a kama su duk bayan santimita 45. Kafin waya ta shiga na'ura a ɗan lanƙwasa ta ƙasa, ɗigon ruwa ya sauka a nan. Kawunan batir a shafa musu man giris.

Fitilun hanya: ja a hagu, kore a dama, fari a baya, idan kana fuskantar gaban jirgi.

Wajen gwaji, cire duk fiyus, haɗa + tukuna sannan −, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya kana kunna kowace na'ura. Auna wuta a bakin batir da bakin famfo yana aiki. Bambancin da ya wuce 0.4V na nufin waya ta yi siriri ko wani mahaɗi bai kama ba. Fiyus ɗin da ya ƙone kuma a nemo dalili kafin a canza shi, kada a maye gurbinsa da guntun waya. A manna zanen layukan cikin leda a murfin akwatin fiyus, tare da fiyus biyu na ajiya na kowane girma.