Juya kwalin sabulu kafin ki biya

Ni dai a kasuwar Dole ta Damagaram nake sayen sabulu, kuma ba na miƙa kuɗi sai na juya kwalin. Ki duba ƙananan rubutun nan na baya, waɗanda ko da tabarau da ƙyar nake gani. In kin ga triclosan ko triclocarban, wato sinadaran kashe ƙwayoyin cuta da ake sa wa wasu sabulai, ki mayar wa mai butiki kayansa. A 2016 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa su cikin sabulun wanka da na wanke hannu, don ba a tabbatar sun fi sabulun yau da kullum amfani ba. Ana kuma fargabar su sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Man goge baki ma ki duba shi.

Yarana sabulun salo nake ba su, su cuɗa hannu daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, sannan su ɗauraye.